Guga Daga Sama

Ubana haƙar rijiya ya yi a Gwadabawa.
Ni ne yaron bakin rami,
ina sakin igiya kamu bayan kamu
har muryarsa ta koma ta cikin tulu.

Yau rijiyar ta kife.
Ni ke sama, a ƙofar jirgi mai saukar ungulu,
gwiwa ɗaya durƙushe, ɗamara ta ɗaure ni da bango,
gugan kuwa mutum ne, sunansa Arzika.

Gulbin Rima ya cika ya batse,
ya haɗiye shinkafar fadama gabas da Goronyo,
ya bar kawunan rumbuna kamar malafu a kan ruwa.
Mutum uku a kan soro ɗaya.
Soron laka ne. Laka ba ta jira.

Iskar da muka zo da ita ba ta san mun zo ceto ba.
Ta ɓalle kwanon makwabta,
ya wuce kan yaro kamar wuƙar mahauci.
Yaron ya miƙa hannu zai cafke ƙugiya,
bai san ƙarfen ya tara wuta a sama ba,
sai ya taɓa ƙasa yake hucewa.
Na yi ihu. Wa ke jin ihu ƙarƙashin farfela?
Arzika ya ture shi da ƙafa. Tsira ce, ba raini ba.

Biyu sun hau lafiya.
Ta uku tsohuwa ce, Inna Tumba.
Rabin hanya suka fara juyi kamar mazari,
juyi ya zama lilo,
lilo ya kai wayar cikin reshen gawo.

Jirgi ya karkata.
Muryar Kyaftin Jabbi a kunnena, babu gaggawa a ciki:
"In ta riƙe mu, ka yanke."

Akwai maɓalli mai jan murfi kusa da babban yatsana.
Biyar a sama, biyu a ƙasa.
An koya mini wannan lissafi a aji, da alli,
ba a gaya mini ɗayan biyun
shi ne ya raɗa wa ɗiyata suna ba.

Na buɗe murfin.
Na saki waya kamu biyu, kamar yadda ubana ke cewa:
igiya in ta yi fushi, ba ta hanya.
Reshen ya kare.

Da ta shigo, jiƙe sharkaf, abin da ta ce kawai:
"Wagga iska taku ta ɗauke man kallabi."

Arzika ya dubi murfin a buɗe,
ya dube ni,
ya sa yatsa ya rufe shi.

Da dare na bi wayar da tsumma, taƙi bayan taƙi.
Sili ɗaya ya tsinke, ya kama zaren.
Na rubuta a littafi.
An kawo tuwo. Yatsan ya ƙi lanƙwasa.