Miyar da Ta Huce a Jekadafari

Bayan la'asar na zauna,
na ce tuwon shinkafa, miyar taushe.
Yaron ya ce to, ya ɓace.

Fanka na juyi kamar mai ciwon ƙugu.
Ƙuda ya sauka, ya tashi,
ya dawo da ƙaninsa.
Minti arba'in, cikina na kiran ciroma.

Da ya ɓullo, sakwara ya dire mini,
miyar kamar ruwan randa,
ba ruwan wanke hannu, ba ban haƙuri.
Na cika baki da faɗa
sai takarda ta faɗo daga aljihunsa.

Inda ya kamata tuwona ya zauna
kumbo ne, wuta na fita a gindinsa,
ga nisan wata a lissafe, an soke, an sake.
Can ƙasa: Hammayo, aji biyar.

"Kwana uku ne a hanya," ya ce, kai a sunkuye.
"Can miya ba ta zubewa, shawagi take."

Na ce nan Gombe hucewa take,
je ka ɗumamo ta.

Ya ruga. Na ninke takardar,
na danne ta da kofi
kada iska ta riga shi tashi.