Silin Gashi a Taswira

Injin nan bai san zafi ba.
Ganguna biyu ne na roba, ɗaya bisa ɗaya,
kamar leɓɓan wanda ya yi rantsuwar shiru.
Ledar kan zo da gam ɗinta tun daga kamfani,
gam mai barci a jikin farar takarda,
ba ya farkawa sai an matsa shi.

Haka Baldomero ya faɗa mini ran da na fara,
a shagonsa na gindin tudu a Valparaiso,
inda gidaje ke hawa kan juna kamar awaki,
teku yana leƙenmu ta ƙarshen layi.
"Nelida, wanke hannu. Ɗaure gashi.
A nan ƙwayar ƙura dutse ce."

Na koyi ɓare bakin takardar, faɗin yatsa uku,
in miƙa wa sandar da ke naɗe ta sama.
Na koyi saita tsakanin gangunan.
A sassauta, iska ta kutsa ta yi bororo.
A tamke, aikin ya karkace,
ya fito da tamoji kamar goshin mai bin bashi.
Ƙafa a kan feda, sannu sannu,
tafin hannu na shafa daga tsakiya zuwa gefe.
"Wanda ya shige ya shige," in ji shi.
"Bar kallon baya. Ga mai zuwa nan."

Mita goma sha ɗaya na ɓata a watan farko.
Bai taɓa albashina ba.
Ya rataye su a bayan ƙofa
don mu riƙa gaisawa kowace safiya.

A daminata ta uku aka kawo taswirori arba'in,
na hanyar gudu in ƙasa ta girgiza,
teku ya ja da baya yana shirin dawowa.
Korayen kibau, kowace na nuna tudu.
Lokacin hannunsa ya soma rawa,
shayi ma sai ya riƙe da hannu biyu.
Ni ke taka feda, shi ke tallafe gefe.

A ta talatin da bakwai ya sunkuya duba wani abu.
Ganguna suka haɗiye abinsu, suka tofo.
Ga shi nan kwance a ƙarƙashin leda:
silin furfura ɗaya tak,
ya taso daga bakin ruwa,
ya ratsa kasuwar kifi, ya kama matattakala.

Allura takan fitar da iska.
Gashi ba ya fita.
Ka ɗaga leda, tawada ta biyo ta.
Takarda ta ƙare, direba na danna oda a waje.

Ya daɗe a kanta.
Mutumin da ya shekara talatin yana yaƙi da ƙura
sai ya fashe da dariya har ya zauna kan kwali.
"To, bai dai ɓata hanya ba," ya ce.
"Sama ya nufa. Sa ta a mota."

Bara 'yarsa ta zo ta tafi da shi kudu.
An ce wasu ranakun sunanta ma ɓace masa yake.

Taswirar na nan a bangon kasuwar kifi.
Iskar gishiri ta ci fentin da ke kewaye da ita,
tantabaru sun yi mata abin da suka saba,
amma gefenta ko ɗaya bai ɗago ba.
In na zo wucewa nakan ɗora babban yatsa
in ji ɗan tudun nan, siriri kamar zare.
Masu kifi na zaton hanya nake nema.

Yau na goge gangunan da tsumma,
na kira sabon yaro, Evaristo.
"Wanke hannu," na ce. "Ɗaure gashi."
Ya shafa kansa da ya sha aski tal,
ya dube ni.
Na ce, "Ɗaure dai."