Yaba

Ina gane ruɓaɓɓiyar albasa tana can ƙasan buhu,
tun ban kwance igiya ba hanci ya ba ni labari.
Ina ciniki da Yarbanci har a yi mini gyara.
Amma Jazuli, ɗan cikina,
shekara huɗu da wata bakwai,
ya gagare ni karantawa.

Ya ciji 'yar Iya Risi a kafaɗa.
Ya fasa filas ɗin shayi ranar da muka yi baƙi.
A tashar Agege ya kwanta gaban danfo
yana birgima saboda biskit,
kwandasta na zagi, ni ina tsaye da gumi.
Hansatu ta daina zuwa gidan suna.
Ta ce idanun mutane sun fi goyon nauyi.

Na yi tsawa har murya ta dishe.
Na yi bulala, da dare tuwo ya ƙi wuce maƙogwaro.
An yi tofi, an sha rubutu.
Baffa ya bugo waya daga Funtuwa:
icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Na ce to.
Ban gaya masa ni ne nake karyewa ba.

Malamar ajinsu ce ta rubuta lamba uku
a bayan rasit ɗin kuɗin makaranta.
Ta farko ba ta shiga.
Ta biyu a Lekki, ganin fuska kaɗai
kuɗin buhu biyu da rabi.
Ta uku aka ce mu zo Asabar, a Yaba.
Haladu mai tattasai ya dafa ni:
"Yaba? Sabitu, kansa ne ya taɓu?"
Na ce a'a. Na yi shiru. Na tafi.

Mota biyu, ruwa ya tare mu a Oshodi.
Bene ne a saman wani kemis,
ɗaki da darduma, bulon roba, madubi rabin bango.
Madam Morenike ta ce,
"Ba yaro za ka ajiye mini kamar rediyo
ka dawo ka karɓa ba.
Zauna ƙasa."
Ta sa mini wani abu a kunne, bai fi gyaɗa ba,
ta koma bayan madubi, tana ganinmu ba ma ganinta.

"Kar ka tambaye shi. Kar ka ba shi umarni.
Kar ka gyara masa.
Faɗi abin da hannunsa ke yi kawai."

Ni da nake juya 'yan dako takwas da baki ɗaya,
sai ga harshena ya yi nauyi.
Na ce, "Ka ɗora ja a kan shuɗi."
Ya ɗago ya dube ni
kamar mai jiran saukar mari.
Wannan kallon, har kabari.

Muryar ta ce, "Yaba masa. Faɗi me ya yi daidai."
Na laluba bakina kamar aljihun ƙarshen wata.
Yaushe rabon?
"Na ji daɗin yadda ka ajiye shi a hankali."
Bai ce komai ba.
Ya turo mini bulo ɗaya da yatsan ƙafa.

Asabar bakwai ke nan.
Ranar Talata ya jefa takalminsa a kwata,
tsawa ta kuɓuce mini, na faɗa wa Madam, ta rubuta.
Amma bayan isha, ko da wuta ko babu,
akwai minti biyar da ba na kowa ba sai shi.
Hansatu na riƙe da tocilar waya.
Jiya ya jera marafan kwalba goma sha ɗaya
daga bakin ƙofa zuwa ƙafar gado.
Na ce, "Ka yi layi mai tsawo."
Ya ce, "Ba layi ba ne.
Tirelarka ce, ta makale a gosulo.
Zauna, Baba, sai an buɗe hanya."

Na zauna.