Ranar da Na Ƙi Ƙetarawa

Tun da hantsi na san da magana.
Ruwan Dadin Kowa ya yi luf,
ya kwanta kamar man gyaɗa a tasa,
ko ganyen kainuwa ba ya motsi.
Zalɓen da ke tsayuwa kan kututture
ya bar wurinsa babu sallama,
tsattsewa suna ta sharar fuskar ruwa,
gumi na bin bayana alhali ban ɗaga komai ba.

Can gabas, ta wajen Biu,
wani baƙi ya ɗago kai kamar gindin tukunya.

Mutum goma sha shida a bakin gaɓa,
buhun albasa tara, babur biyu,
da akuyar da ta fi kowa surutu.
Na ɗaure jirgi a jikin turke,
na juye injin, na ce: sai ya wuce.

Barde mai albasa ya tafa hannu:
"Hadarin da ko cida bai yi ba?
Da a ce Gidado ne, da tuni mun isa."
Adda Dija ta ce kifinta zai lalace,
wani yaro ya nuna mini waya,
wai ta ce yau babu ruwa.
Na ce masa wayarka ta iya iyo?

Ni na san inda tafkin nan yake da haƙora.
Akwai tsakiya, bayan tsibirin Fulani,
inda iska ke samun fili ta miƙe ƙafa,
igiyar ruwa ta zo gajeriya, a jere,
tana marin jirgi ta gefe
kafin ka juya masa hanci.
Akwai tsofaffin itatuwan da dam ya haɗiye,
suna tsaye a ƙasa har yau,
sun miƙa yatsu suna jiran katako.

Muka zauna. Iska ta taso da sanyi,
ta kawo ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwa.
Tafki ya tattare goshi, ya yi toka-toka,
kumfa ta fara farin gashi daga nesa.
Walƙiya ɗaya. Biyu.

Sai hadarin ya dare gida biyu,
rabi ya yi kudu, rabi ya bi duwatsu.
Ko ɗigo bai taɓa hulata ba.

Aka yi mini dariya har da riƙe ciki.
Jirgin Manu ya kwashe su duka,
akuyar ma ta waiwayo ta yi mini tsiya.
Kuɗin mai na yau ya tafi,
na gobe sai na ci bashi wurin Barde,
ya ba ni yana ba da labari.

Ban ce musu komai ba.
Gidado ɗan'uwana ne, nono ɗaya.
Shi ma ranar nan baƙin kamar wannan ne,
shi ma an ce masa ko cida bai yi ba.
Kwana uku muna jan taru,
hularsa ta fara fitowa.

Da la'asar ruwa ya koma luf.
Zalɓe ya dawo kan kututturensa.
Na kwashe ruwan cikin jirgi da ƙwarya,
ina kwasa, ina duban gabas.