Laraba a Maseru

Moliehi ta bar keken ɗinki,
an zaftare mata kuɗin wuni.
Wandunan Turawa sa jira,
ciki ba ya jira.

A layin asibiti sanyin dutse na cizon dunduniya.
Bargonta ya rufe wata bakwai,
ya rufe gwangwanin shayi
inda ƙwayoyi ke kwana, mai gida bai sani ba.

Malamar jinya ta ga ƙanjamau a kati,
ta turo takarda, ko ɗago ido babu:
"Daga wannan a ɗaure mahaifa. Sa hannu."

Moliehi ta san zare.
Wani ƙullin, ko da haƙori, ba ya kwantuwa.
Ta ajiye biro.
"Maganin kare ɗana na zo karɓa."

Can ƙarƙashin bargo,
shuri biyu.