Gwangwanin Pi Rokhumi

Daren Asabar gefen dutse ya zabtaro,
laka da gora suka toshe hanyar Lunglei.
Fasto bai iso ba.
Muka zauna a majami'armu ta kwano, ruwa na dukan rufi,
dattawa na kallon juna kamar masu jiran mota a tasha.

Sai Pi Rokhumi ta miƙe.
Babu takarda a hannunta, sai tsohon gwangwanin madara
da tsatsa ta cinye wa baki.
Ta dire shi kan teburin wa'azi, ya yi ƙara,
yaran bencin baya suka daina mintsinin juna.

Ta ce, "Ni ban yi karatu ba.
Abin da na sani game da bin Yesu, yana cikin nan.
Kafin in ɗora tukunya, safe da yamma,
nakan ɗebi shinkafa cikin tafi ɗaya in zuba masa,
kamar yadda uwata ta yi, da uwarta.
Tukunya ba ta taɓa gane an rage ta ba.
Ranar Lahadi a kawo, a haɗa da na sauran mata,
a sayar, a ciyar da wanda ba mu san fuskarsa ba.

"Kuna tsammani yabon kaina na zo yi.
Ku dakata.

"Shekarar da gora ta yi fure,
ɓeraye suka sauko kamar ruwan kwari,
suka share gonarmu a dare biyu.
Mijina na kwance, Zothana na goye yana kuka ba hawaye.
Da tsakar dare na buɗe gwangwanin nan,
na juye shi tas a tukunya.
Na dafa abin da na riga na ba Ubangiji, muka ci.
Ban gaya wa kowa ba sai yau.

"Wata bakwai ban taɓa shi ba.
Na kife shi bayan murhu don kada ya dube ni.
In an ɗaga waƙa sai in motsa leɓe kawai.
Na ce, wadda ta ci bakin alkawari, da wace fuska?

"Wata safiya, ba mafarki, ba murya daga sama,
ina auna shinkafar rance,
sai hannuna ya ɗiba da kansa, ya tsaya a iska, yana jira.
Hannun ya riga zuciyata tuba.
Na tono gwangwanin, na kaɗe toka, na zuba.
Ƙwayoyin suka yi ƙara a gindinsa, don babu komai ciki.
Ban taɓa jin ƙararrawa mai daɗin wannan ba.

"To, 'ya'yana, wanda ya kira mu ya san hannunmu ƙarami ne.
Bai ce a kawo buhu ba.
Ya ce a biyo shi yau, gobe ma a sake tashi.
In kun faɗi, kada ku kife gwangwani wata bakwai kamar ni.
Shi ba ya ƙirga abin da ya zube,
hanya yake kallo, ko za ku dawo."

Ta zauna. Ba ta ce amin ba, mu muka ce.

Ni da na zo da nawa ɓoyayyen kaya,
shekara biyu ba na magana da ƙanena Lalsiama
saboda kuɗin babur,
na ji bencin ya yi mini zafi.

Bayan addu'a maza suka ɗauki shebur zuwa wurin zabtarewar.
Laka har gwiwa, dutsen ya fi ƙarfin mutum goma.
Na tarar da shi can, yana cika kwando shi kaɗai.
Ban san me zan ce ba.
Na kama ɗaya kunnen kwandon,
muka ɗaga.