Kwarmin da Ke Ƙafar Mbula

Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da alli,
har farinsa ya tare a ƙarƙashin farcena.
In na ce a zauna, an zauna.
In na ce a maimaita, an maimaita,
baki yana aji, hankali yana kasuwa.

Yanzu ga ni a gindin ɗorawa, nan Dass,
bayan fadamar shinkafa, inda Mbula ta miƙe ƙafa,
da yara goma sha huɗu, da jarkar ruwa,
da ɗan akwatin magani da ba na rabuwa da shi.
Ba mu da ƙararrawa.
In inuwa ta taɓa saiwar kanya
sai a wanke hannu, a ci rogo da ƙuli.

Ran Talata na zo da shirina a takarda,
lissafin tarawa da ƙwallayen taɓo.
Ban buɗe baki ba Rifkatu ta kwarma ihu daga kan fa:
"Talibamban! Ruwansu na ƙarewa!"
Ajina ya watse kamar an jefi tsuntsayen gero.
Na ninke takarda, na bi su, gwiwa tana ƙara.

Kwarmi ne, bai fi faɗin faifai biyu ba,
abin da ruwan daren Juma'a ya bari,
baƙaƙen kawuna suna ta kaɗa wutsiya.
Jatau ya ce a kwashe su a kai rafi.
Kande ta ce kifi zai gama da su kafin azahar.
Gardama ta kaure. Harshena ya yi ƙaiƙayi.
Hukunci yana bakina kamar ɓarin goro,
na tauna shi, na haɗiye.

Sai Cindo, wanda uwarsa ta kawo mini da kuka
wai malamai uku sun ce kansa ba ya ja,
ya karyo kara, ya tsoma, ya shata da farce.
Washegari ya sake tsomawa:
ruwa ya ja baya da yatsa ɗaya, saura shida.
"Kwana shida," ya ce, bai dubi kowa ba.

"Malama, kwana nawa kafin ƙafa ta fito musu?"
Na laluba cikin shekaruna kaf,
na fito hannu wayam.
Na ce, "Ban sani ba."
Na jira ƙasa ta tsage. Ba ta tsage ba.
Kande har da tsalle: "To mu gani da idonmu!"

Su suka raba kwanakin ɗebo ruwa a gwangwanin tumatir,
su suka kafa rumfar ganye don rana.
Da Jatau ya tsallake ranarsa
su suka yanke masa sahu biyu, ya yi yana gunaguni.
Ni dai ina ƙirga kawuna, ina duban ramuka don kunama.

Uban Rifkatu ya zo a babur, bai kashe inji ba.
"Wasa da kwaɗi na biya wa kuɗi?"
Ina neman amsa, 'yarsa ta ja shi kan fa,
ta nuna masa zanen gawayi, kowace rana da layinta.
Ya tsuguna ya daɗe.
Bai ce ya gamsu ba.
Ya dai ce rumfar ta yi ƙasa, ya gyara mata tsayi.

Balbela ta ci rabonta, an yi kuka, an share.
Safiyar kwana sha bakwai
muka tarar da dutse yana tsalle,
'yan mitsi-mitsi, kowane kamar ƙwayar gyaɗa.
Ni ce na fi kowa daɗewa a wurin.
Da na ɗago, yaran suna can jikin suri,
suna gardamar ta ina gara ke shan iska.

Takardar Talata tana jakata har yau.
Jiya da dare na duba farcena a hasken fitila,
laka ce a ciki.